Buɗaɗɗiyar Manhaja da Sharuɗɗan Cin Kasuwa da Ita

Jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya gabatar a Minna, Jihar Neja, ga masu rubuta manhaja da 'yan kasuwa da ma'aikatan hukuma.



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne manhajar kwamfuta da ake samu a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba, wadda ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, da kuma matsayin mutumin da ya ɗauke ta ya sa a cikin aikin da zai sayar. Tambayar da ta fi yawa a bakin samarinmu ita ce, ko ya halatta a ci riba da abin da aka samu kyauta? Amsa ita ce ya halatta, doka ba ta hana ba. Amma fa kowace irin wannan manhaja tana da mai ita, kuma tana tafe da takardar sharuɗɗa wadda ake kira lasisi. Wanda ya cika sharuɗɗan ya ci halaliyarsa. Wanda ya yi biris da su kuwa, a idon doka daidai yake da mai buga littafin wani a ɓoye yana sayarwa a tasha.

Maganar ta shafi mutanen Minna ƙwarai. A nan ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1983, kuma kowace shekara tana yaye masu ilmin kwamfuta daga Gidan Kwano. A nan ne hedkwatar hukumar jarrabawa ta NECO take tun 1999. Tun daga 2015 kuma jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, har makarantu masu zaman kansu a Bosso da Tunga da Chanchaga suka shiga neman wanda zai shirya musu manhajar gwaji. Haka masu kantin magani da masu sayar da kaya a Kasuwar Kure suna son abin da zai riƙe musu lissafi. Daɗin daɗawa, tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, manhajar da ake biyan kuɗinta da dala ta fi ƙarfin ƙananan 'yan kasuwa da yawa. Saboda haka idon kowa ya koma kan wadda ake samu kyauta.

Bari mu fara da ma'anar sunan. Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai asalin rubutun da mutum ya zauna ya rubuta, wanda ɗan'uwansa masani zai iya karantawa ya gyara, shi ne za mu kira tushe. Akwai kuma wadda aka juya zuwa harshen na'ura, tana aiki sarai, amma mutum ba ya iya karanta cikinta cikin sauƙi. Yawancin kamfanoni ta biyun suke sayarwa, su ɓoye tushen, kamar yadda mai magani yakan ba ka ƙulli ya ƙi faɗa maka sunayen saiwoyin da ya daka. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda mai ita ya bayyana tushenta, ya kuma ba kowa izinin amfani da ita, da gyara ta, da rarraba ta, har da sayar da ita.

A shekarar da aka kafa jami'ar nan tamu, watau 1983, wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya sanar da shirinsa na GNU, don rubuta manhajar da ba wanda zai kulle. A 1989 ya fito da lasisin GPL, aka sabunta shi a 1991, aka sake sabuntawa a 2007. Shi kuma Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara Linux a 1991, kana ya sa ta ƙarƙashin GPL a 1992. A nan mai aikin fassara zai so ya tsoma baki. Kalmar da su Stallman suka zaɓa a Ingilishi kalma ɗaya ce mai ɗauke da ma'anar kyauta da kuma ma'anar 'yanci, shi ya sa Turawa suka daɗe suna ruɗewa. Mu Hausa ta raba mana gardama, domin kalmomin biyu ne a wurinmu. Abin da suke nufi shi ne 'yanci. Ba su taɓa cewa haramun ne a karɓi kuɗi ba.

Yanzu sai doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin dokar 1988, ta lissafa manhajar kwamfuta a cikin ayyukan rubutu, watau sahu ɗaya da littafi. Haƙƙin yana tabbata ga marubuci ba sai ya je ya yi rajista ba. Nijeriya kuma ta shiga Yarjejeniyar Berne a 1993, saboda haka wanda ya rubuta manhaja a Jamus ko Indiya yana da kariya a ƙasar nan kamar ɗan gida. Har wa yau dokar ta yarda cewa izinin da ba a keɓe wa mutum ɗaya ba yana iya zama a rubuce, ko da baki, ko a gane shi daga yadda ɓangarorin suka yi mu'amala. Don haka kada wani ya ce ai ni ban sa hannu a kan kome ba. In ka kore lasisin, to ka kore izinin da kake tsaye a kansa ke nan, ba abin da ya rage sai haƙƙin mai abu. Shari'ar haƙƙin mallaka kuwa a Babbar Kotun Tarayya ake yinta, kuma akwai reshenta a nan Minna.

Daga nan za ku gane wani kuskure da ya zama ruwan dare. Saurayi zai shiga rumbun GitHub ya ga rubutun wani a fili, ba lasisi ko ɗaya a jikinsa, sai ya ce wannan ta fi kowace sauƙi. Alhali kuwa ita ce ba a ba shi izinin sawa a cikin hajarsa ba sam. Ganin akuya tana yawo a kan titi bai mai da ita marar ubangiji ba. In kana son irin wannan, rubuta wa mai ita ka nemi izini, ka adana amsarsa.

Lasisi iri-iri ne, amma ɗan kasuwa zai iya kasa su gida biyu. Gida na farko shi ne na masu sassauci, irin su MIT da BSD da Apache. Waɗannan sun yarda ka ɗauka, ka gyara, ka cuɗa da naka, ka ɓoye tushen naka, ka sayar a farashin da ka ga dama. Abin da suke nema kaɗan ne: ka bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin a cikin abin da ka rarraba. Lasisin Apache na 2004 ya ƙara da cewa ka nuna inda ka yi canji, ka kuma tafi da takardar sanarwa in akwai ta. Duk da ƙanƙantar sharaɗin, shi ne aka fi karyawa, domin wasu suna ganin in mai saye ya ga sunan wani a ciki darajar aikinsu za ta ragu, sai su goge. Wannan rashin dabara ne. Wanda yake riƙe da wayar Tecno ko Infinix ko Samsung a wannan zaure, ya duba sashen bayanin waya, wajen bayanan doka, zai tarar da dogon jerin sunaye da lasisi. Kamfanonin da suka ƙera miliyoyin wayoyi ba su ji kunyar faɗin inda suka ɗebo ba.

Gida na biyu shi ne na GPL da danginsa, kuma nan ne ya kamata mu ɗan zauna. Ku ɗauki misalin rijiyar da wani bawan Allah ya haƙa ya yi wakafinta ga unguwa. Kowa na iya ɗiba. Ɗan ga-ruwa na iya cika jarkokinsa ya tura kura ya sayar, ba mai ce masa don me. Amma ko da wani ya yashe ta, ya ƙara mata zurfi, ya ɗaure bakinta da siminti da kuɗinsa, ba shi da ikon kewaye ta ya sa kwaɗo. Haka GPL take. Ka sayar a kan ko nawa ka so, amma duk wanda ka miƙa wa manhajar, tilas ka ba shi tushenta tare da gyaran da ka yi, a ƙarƙashin wannan lasisin dai, kuma ba ka da ikon hana shi gyarawa ko ba wani. Inda misalin ya gaza shi ne, mai wakafi ya saki dukiyarsa, amma marubucin manhajar GPL yana nan riƙe da haƙƙin mallakarsa, da shi ne ma yake iya kai ƙarar wanda ya saɓa.

Ku lura da kalmar miƙawa, domin a kanta hukuncin yake rataye. Kamfanin da ya ɗauki manhajar GPL ya gyara don amfanin ofishinsa kaɗai, bai ba kowa ba, ba a wajabta masa ya bayyana kome ba. Sharaɗin yana farkawa ne ranar da manhajar ta bar hannunka ta shiga hannun wani, ko a faifai, ko ta intanet, ko a cikin na'urar da ka sayar. Kuma ga wanda ya karɓa ne wajibin yake: ko ka haɗa masa da tushen nan take, ko ka ba shi alkawari a rubuce, wanda zai yi aiki aƙalla shekara 3, cewa za ka bayar in an nema. Akwai ɗan'uwan GPL mai suna AGPL, na 2007, wanda ya toshe wata kafa: in ka gyara manhajar ka ajiye ta a babbar na'urarka mutane suna aiki da ita ta intanet, su ma suna da haƙƙin samun tushen, ko da ba ka miƙa musu kome ba. Akwai kuma LGPL mai sauƙi, wadda ta yarda rufaffiyar manhajarka ta jingina da ita, muddin gyaran da ka yi wa ita kanta ya kasance a buɗe.

Ga misali. A ce wani da ya gama jami'a ya sami aiki daga wata makaranta a Tunga, ya ɗauko Moodle, manhajar koyarwa da jarrabawa da Martin Dougiamas na ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002 a ƙarƙashin GPL. Ya gyara ta, ya sa mata tsarin aji da zangon karatu irin namu, ya girka a na'urorin makarantar, aka biya shi. Duk wannan halas ne. To amma in ya goge sunan masu ita, ya ce shi ya ƙirƙiro ta daga farko, ya kulle tushen, kana ya sa shugaban makarantar ya sa hannu cewa ba zai ba kowa ba, ya saɓa lasisin ta fuska uku. A ƙarƙashin GPL ta 1991 izininsa ya faɗi nan take. Ta 2007, wadda Moodle take kai yanzu, ta ɗan yi rangwame, ta ba mai laifin farko kwana 30 bayan an sanar da shi don ya gyara. Sa'an nan sunan Moodle kansa alamar kasuwanci ce mai rajista, lasisin manhajar bai ba shi ikon kafa allo yana tallar aikinsa da sunan kamar wakilinsu ba.

Na san abin da ke ranku. In shugaban makarantar yana da ikon ba maƙwabcinsa manhajar, to ina ribar? Ribar tana cikin aikin da ba a iya kwafa. Makaranta ba tushe take nema ba, so take ranar jarrabawa na'urori 100 su tashi lafiya, a koya wa malamai, a adana sakamako kada ya ɓace in an ɗauke wuta, a kuma sami wanda za a kira ya zo cikin sa'a ɗaya. Wannan shi ake biya duk shekara. Kamfanin Red Hat na Amurka da irin wannan ciniki ya girma, yana sayar da kulawa da tallafi a kan Linux, har kamfanin IBM ya saye shi a 2019 a kan dala miliyan dubu 34. Wanda kuma ya ga lalle sirrin tushensa shi ne jarinsa, hanya a buɗe take: tun ranar farko ya zaɓi kayan gida na farko kaɗai, ko ya sayi lasisin kasuwanci daga masu bayar da iri biyu, kamar yadda kamfanin Oracle yake yi da MySQL. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gina gida a kan GPL, sai an zo rufi a ce za a sa kwaɗo.

Kada a ɗauka wannan barazana ce ta fatar baki. A 2004 wata kotu a birnin Munik na Jamus ta hana kamfanin Sitecom rarraba na'urorinsa sai ya bi GPL. A 2008 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Jacobsen da Katzer, ta tabbatar cewa saɓa sharuɗɗan irin wannan lasisi keta haƙƙin mallaka ne. A ƙarshen shekarar kuma gidauniyar su Stallman ta kai babban kamfanin Cisco ƙara a kan na'urorin Linksys, aka sasanta a 2009. Amma wadda ta fi kama da halinmu ita ce ta Faransa. Kamfanin Orange, wanda mutanen Jamhuriyar Nijar suka sani domin ya yi harkar waya a can har 2019, ya sami kwangilar gina wa gwamnatin Faransa shafin hidimar jama'a, ya sa wata manhaja mai suna Lasso ta wani ƙaramin kamfani, Entr'ouvert, ba tare da bin GPL ba. An shiga kotu a 2011. A watan Fabrairu na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta umarci Orange ya biya diyya fiye da Yuro 600,000. Shekara 13 ana shari'a, ƙaramin bai gaji ba.

Wani zai ce wa zai taso daga Turai don ya kama ni a Kpakungu? Mai yiwuwa ba kowa. Amma asarar takan zo ta wata ƙofa. Ranar da kamfaninka ya girma, banki ko mai zuba jari ya zo, lauyoyinsa za su bincike tushen manhajarka da na'urar da ke gano rubutun aro, kuma ciniki yakan tsaya a nan. Dokar Sababbin Kamfanonin Fasaha ta 2022 an yi ta ne don a jawo irin wannan jari, ba daidai ba ne saurayi ya kore shi da hannunsa saboda ƙyuyar karanta shafi biyu.

Akwai wani sashe da kusan kowane lasisi yake ɗauke da shi, sau da yawa da manyan baƙaƙe, watau cewa an ba da manhajar yadda take, ba garanti. Ma'anarsa ga ɗan kasuwa ita ce, in abu ya lalace, mai sayenka kai zai riƙe, kai kuwa ba ka da wanda za ka riƙe. A 2017 ɓarayin intanet sun kwashe bayanan mutum wajen miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, ta wata ɓaraka a manhajar Apache Struts, alhali an riga an fitar da gyaranta tun watan Maris, kamfanin ne bai sa ba. A watan Disamba na 2021 aka gano wata ɓarakar a Log4j, kamfanoni da yawa suka rasa yadda za su yi domin ba su ma san tana cikin kayansu ba. Mu ma yanzu muna da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda ta ɗora nauyi a kan mai riƙe da bayanan mutane. Saboda haka kowane kamfani, komin ƙanƙantarsa, ya buɗe rajista kamar ta sito: sunan kowace manhajar da aka ɗauko, da lambar fitowarta, da lasisinta, da ranar ɗauka. Lambar tana da muhimmanci, domin mai abu yana iya canja lasisin sababbin fitowa. Kamfanin Redis ya yi haka a watan Maris na 2024, ya bar BSD, kana a 2025 ya ƙara AGPL cikin zaɓi. Abin da aka ɗauka kafin canjin yana nan a kan tsohon izini, sai dai wanda bai rubuta ba da me zai kafa hujja?

Kada kuma a zaci mu masu karɓa ne kawai. Bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, masana na Nijeriya da na cibiyar Helmholtz ta Jamus sun haɗu sun shirya SORMAS don bin sawun annoba, aka buɗe tushenta a 2016 a ƙarƙashin GPL, hukumar NCDC ta yi aiki da ita lokacin korona, wasu ƙasashe ma suka ɗauka. Rahoton wata-wata na asibitocinmu kuwa, daga Bida zuwa Kontagora, cikin DHIS2 yake shiga, manhajar Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe mai lasisin BSD. Ɗan Nijeriya Segun Adebayo shi ya rubuta Chakra UI a ƙarƙashin MIT, wadda masu gina shafukan intanet a ƙasashe da yawa suke amfani da ita. Duk wanda ya fitar da nasa, sharuɗɗan nan da muke ta bayani shi za su kare.

Sauran magana ga ma'aikatan hukuma da shugabannin makarantu da asibitoci, masu ba da kwangila. Dokar 2022 ta ce aikin da aka yi wa gwamnati bisa kwangila, in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, haƙƙinsa na gwamnati ne. Amma ɗan kwangila ba ya iya mallaka muku abin da ba nasa ba. Abin da ya rubuta da hannunsa shi ne zai koma gare ku, abin da ya ɗauko kuwa yana nan a kan lasisinsa. Don haka tun a takardar neman 'yan kwangila ku rubuta cewa a kawo jerin manhajojin da za a yi amfani da su da lasisinsu. Kada ku ƙi mutum don ya ce zai yi aiki da buɗaɗɗiyar manhaja, kuma kada ku biya shi kuɗin ƙirƙira a kan abin da ya sauko da shi jiya, ku biya shi kuɗin gyara da girkawa da kulawa gwargwadon wahalarsa. Kafin biyan kashin ƙarshe ku karɓi tushen a hannu, ku sa wani masani dabam ya gwada ya ga yana tashi, domin in ɗan kwangila ya bar gari ko kun ɓata, wani ya iya ɗorawa daga inda ya tsaya. Inda wani sharaɗi ya shige muku duhu, ku tuntuɓi lauyan ma'aikatarku ko Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya kafin a sa hannu.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.